Farautar akwatunan ɓoye a tafiyar ƙarshen mako: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibai da ma'aikatanmu da ke zaune a Birtaniya da Amurka sukan so fita gari ranar Asabar da Lahadi, amma sau da yawa tafiyar takan ƙare a kantuna ko a gidan wani aboki. Akwai wani tsohon wasa na Ingila da ke ba mutum dalilin taka ƙasa da ƙafarsa, ya ga wuraren da mota ba ta kaiwa. Ga tambayoyin da mai shirin gwada shi yakan yi.

Wane irin wasa ne wannan?

Wani zai ɗauki ɗan akwatin roba da ruwa ba ya shiga, ya sa hatimin roba da ɗan littafi a ciki, ya ɓoye shi a ƙarƙashin dutse ko a kogon itace, sannan ya rubuta kwatancen wurin. Kai kuma ka bi kwatancen har ka gano shi. Idan ka samu, sai ka buga hatimin akwatin a littafinka, ka buga naka hatimin a littafin akwatin, ka mayar da komai yadda ka tarar. Ba kuɗi a ciki, ba kyauta. Abin da kake komawa gida da shi shi ne zanen hatimin, kuma da yawansu da hannu aka sassaƙa su, babu irinsu a ko'ina. Turawa na kiran wasan letterboxing, kuma da wannan sunan za ka neme shi a intanet.

A ina aka fara shi?

A Dartmoor, wani makeken fili mai tuddai da duwatsu da fadamu a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora daga garin Chagford, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wuri mai nisa da wuyar zuwa a arewacin filin, domin wanda ya isa can ya bar katin sunansa a matsayin shaida. Daga baya mutane suka riƙa barin katin wasiƙa da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. A 1938 aka kafa wani akwatin a Duck's Pool, a kudancin filin, don tunawa da William Crossing, marubucin da ya san Dartmoor ciki da waje. Shekaru da dama akwatunan ƙalilan ne. Sai daga baya suka yawaita har suka kai dubbai.

Amurka kuwa ta karɓi wasan ne bayan mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a watan Afrilun 1998. Wannan bambancin tarihi yana da amfani ga mai shirin tafiya, domin har yau hanyar samun kwatance a wuraren biyu ba ɗaya ba ce.

Asabar da Lahadi kawai nake da su. Ta ina zan fara nemo akwatunan da zan bi?

Ka fara daga gida, kwanaki kafin ka tashi. Wannan ne babban abin da nake so ya zauna maka. Mutumin da ya isa wuri sannan ya fara lalube a waya yakan tarar babu sabis, ko kuma ya tarar akwatin da ya fi kusa da shi yana can wani gefen da zai ci masa rabin yini.

Idan Amurka ko Kanada za ka, aikin da sauƙi. Akwai manyan rumbuna biyu a intanet: Atlas Quest, wanda aka buɗe a 2004, da Letterboxing North America. Ka buɗe asusu, ka rubuta sunan garin da za ka kwana, ka ga abin da ke kewaye da shi. Kada ka tsaya a garin kaɗai. Ka duba garuruwan da ke kan hanyarka, domin akwai akwatunan da aka ɓoye dab da wuraren hutawar matafiya, waɗanda minti goma sun isa a same su, kuma suna rage gajiyar tuƙi musamman idan da yara a mota. A Atlas Quest za ka ga alamomin da ke nuna nisan tafiyar, ko ana biyan kuɗin shiga wurin, ko an yarda da karnuka. Wasu kwatancen ba za su buɗe maka ba sai ka tara wani adadi na akwatunan da ka samu. Kada wannan ya dame ka a tafiyar farko, waɗanda ke buɗe sun ishe ka.

Bayan ka tara jerin, sai ka rage shi. Ka zaɓi waɗanda ke wuri ɗaya, musamman jerin akwatuna da mutum ɗaya ya ɓoye a kan hanya ɗaya, biyar ko shida a jere. Irin wannan ya fi akwatuna goma da ke warwatse, domin motarka za ta tsaya wuri ɗaya kai kuma ka yi tafiyarka a natse. Sannan ka buga kwatancen a takarda. Waya takan mutu da sanyi, takarda kuwa ko ana ruwa ana iya karanta ta idan ka sa ta a leda.

Na duba intanet ban ga kwatancen Dartmoor da yawa ba, alhali an ce akwatuna dubbai ne. Me ya sa?

Domin mutanen Dartmoor sun riga intanet, kuma sun riƙe al'adarsu. Akwai ƙungiyar da ake kira 100 Club, wadda ke fitar da kundin kwatance, kuma bisa al'ada sai mutum ya nuna ya samu akwatuna 100 kafin ya zama ɗan ƙungiya. Sabon shiga zai ce to ta yaya zai samu ɗarin farko ba tare da kundi ba? Amsar ita ce ta hanyar mutane, da kuma ido.

Hanya mafi kyau ita ce takardun kwatance na sadaka. Ƙungiyoyin agaji da wasu masu son wasan sukan shirya zagaye na akwatuna da dama, su sayar da takardar kwatancen a kan kuɗi kaɗan, kuɗin ya tafi wurin taimako. An tsara su ne domin a gama a yini ɗaya, kuma akasari suna faɗin inda za a ajiye mota da nisan zagayen. Ga wanda ke da kwana biyu kacal, babu abin da ya fi wannan. Sai dai irin waɗannan akwatunan sukan yi wa'adi, ana kwashe su bayan wasu watanni, saboda haka tsohuwar takarda da wani ya ba ka tana iya sa ka neman abin da babu.

Ana samun takardun sosai a taron da masu wasan ke yi sau biyu a shekara, a ranakun da ake canza agogo a Birtaniya, wato Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Idan kana iya daidaita tafiyarka da ɗayan waɗannan ranaku, ka yi. A can za ka haɗu da dattawan da suka yi shekaru suna wannan yawo, kuma matambayi ba ya ɓata. Mutum ne zai dube ka ya ce maka ka fara da tudu kaza, ka bar wancan sai rani. Ka tabbatar da wurin taron daga ƙungiyar kafin ka tashi.

Hanya ta biyu ita ce nema ba kwatance. A kewayen tuddan da jama'a ke yawan zuwa, wanda ya iya leƙa ƙarƙashin duwatsu yakan ci karo da akwati. Wannan halas ne a wasan, haka da yawa suka fara. Cibiyoyin baƙi na hukumar kula da filin, kamar na Postbridge da Haytor, su ma wurin tambaya ne, kuma ana samun taswira a can.

Ta yaya zan san akwatin yana nan har yanzu?

Ka duba ranar da aka yi masa ganin ƙarshe. Akwatin da aka samu watan jiya ya fi wanda aka rabu da jin labarinsa shekara huɗu. Ka karanta abin da waɗanda suka riga ka suka rubuta: idan mutum uku a jere sun ce sun nema ba su gani ba, ka cire shi daga jerinka. Ruwa yana tafiya da wasu, dabbobi na tone wasu, masu share shara na kwashe wasu. Idan akwai wanda ranka ya kwanta a kansa, ka aika wa mai shi saƙo. Yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su, wani ma ya ƙara maka kwatancen wani akwatin da bai sa a fili ba.

Guda nawa ya kamata in sa a gaba?

Ƙasa da yadda kake tsammani. A Dartmoor kilomita ɗaya a taswira ba kilomita ɗaya ba ce a ƙafa, saboda ciyawa mai dunƙule-dunƙule da taɓo da hawa da sauka. Neman akwati ɗaya bayan ka isa wurin yana iya cin rabin awa. Ni a ganina zagaye ɗaya mai kyau ranar Asabar, da wasu biyu ko uku na kusa da titi ranar Lahadi da safe kafin a kama hanyar gida, ya wadatar. Ka kuma lura da rana: a watan Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, a watan Yuni kuwa har bayan ƙarfe 9 da sauran haske.

Yaya ake karanta kwatancen?

Wanda ya taɓa neman gida a ƙauye da kwatancen "ka wuce kuka, ka bar rijiya a hagunka" ya riga ya san rabin aikin. Na Amurka sukan zo kamar labari ko kacici-kacici: ka bi hanya kaza, idan ka kai gada ka ƙirga taku ashirin, ka duba bayan itace mai rassa biyu. Na Dartmoor sun fi dogara da kamfas, wato 'yar na'urar nan mai allura da ke nuna arewa. Za a ba ka kusurwoyi biyu ko uku zuwa abubuwan da ake hangowa, misali ƙololuwar wani tudu a digiri 40, wani itace shi kaɗai a digiri 165, hasumiyar coci a digiri 280. Aikinka ka yi ta matsawa har ka tsaya a wurin da duka ukun suka yi daidai. Daga nan sai ƙaramin bayani ya ɗauka, kamar a ce ƙarƙashin dutse mai faɗi da ke kallon rafi.

Abu biyu ke ɓatar da sabon shiga. Na farko taku: takun mai akwatin ba lallai ya zama naka ba, wasu kuma suna ƙirga ɗaga ƙafa biyu a matsayin ɗaya. Na biyu ƙarfe: waya ko makulli ko motar da ka jingina da ita suna karkatar da allurar kamfas. Ka koyi amfani da kamfas a filin unguwa kafin ranar tafiya. Taswirar da ake amfani da ita a Dartmoor ita ce ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, mai lamba OL28.

Ina so in fara da Cranmere Pool tunda shi ne na asali. Ya dace?

Ban ba ka wannan shawarar a tafiyar farko ba. Wurin yana tsakiyar fadama, babu tsayayyiyar hanya a ƙarshen tafiyar, kuma hazo yana sauka a Dartmoor cikin mintoci har ka kasa ganin abokinka da ke gabanka. Wannan gefen ne ke da tuddai mafi tsawo a filin, High Willhays mai mita 621 da Yes Tor mai mita 619, kuma yanayinsu ba na garin da ka kwana ba ne.

Akwai kuma maganar sojoji. Arewacin Dartmoor yana da filayen atisayen harbi guda uku: Okehampton, Merrivale da Willsworthy. Cranmere Pool yana cikin na Okehampton. Idan ana harbi, ana ɗaga jan tuta da rana, a kunna jar fitila da dare, kuma ba a shiga. Gwamnati na wallafa jadawalin harbin a intanet, ka duba shi kafin ka tsara hanyarka. Ko ranar da ba a harbi, idan ka ga wani ƙarfe da ba ka gane ba a ƙasa, kada ka taɓa. Saboda wannan ne ma aka hana ɓoye akwatunan ƙarfe a Dartmoor, don kada mai nema ya saba da sa hannu a kan ƙarfen da ya gani a rami.

Ka bar Cranmere sai ka iya taswira da kamfas, ka je da rani, tare da wanda ya taɓa zuwa.

Me zan ɗauka?

Hatiminka, soson tawada, littafi mara layi mai takarda mai kauri, biro, kamfas, taswira, da kwatancen a leda. Akwatuna da yawa ba su da tawada a ciki, saboda haka kada ka manta da taka. Hatimi kuwa kana iya saye, amma ya fi daɗi ka sassaƙa naka a jikin robar goge fensir da ƙaramar wuƙa. Ka tuna zanen yana fitowa a juye. Masu wasan sukan zaɓi laƙabi su sa hannu da shi maimakon sunansu na gaskiya.

Sai kayan jiki: takalmin da ba ya shan ruwa, rigar ruwa ko da gari ya waye garau, ruwan sha, guzuri, tocila, da sanda. Sandar tana da amfani biyu, gwada taɓo da kuma leƙa rami kafin ka sa hannu, domin akwai maciji mai dafi a Dartmoor da ke shan hantsi a kan duwatsu lokacin zafi. Akwai kaska kuma a cikin ciyawa, wadda ke iya sa cutar Lyme. Ka cusa ƙafar wando a safa, ka duba jikinka da na yara da yamma. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Idan abu ya faru, lambar gaggawa 999 ce, ka nemi 'yan sanda ka ce masu ceto na tsauni kake buƙata.

Ba ni da mota. Zan iya?

Za ka iya, sai dai zaɓinka zai ragu. Daga tashar Paddington a Landan jirgin ƙasa na kai mutum Exeter cikin awa biyu da wani abu. Daga Exeter akwai layin Okehampton da aka sake buɗewa ga fasinjoji kullum a Nuwamban 2021, tafiyar kamar minti 40, kuma daga tashar ana shiga filin da ƙafa. A kudu akwai tashar Ivybridge. Motocin haya na shiga ƙauyukan tsakiya amma ba su da yawa, Lahadi kuma sun fi ƙaranci. Ka fara sanin lokacin motar ƙarshe, sannan ka zaɓi akwatunan da za su bar ka ka riske ta.

Salla da abinci fa?

Akwai masallaci a Exeter, amma da ka shiga filin kai ne limamin kanka. Kamfas ɗin da ke hannunka zai nuna maka alƙibla, wadda daga Devon take kudu maso gabas, ta fi karkata gabas. Ka ɗauki abin shimfiɗa da ruwa ba ya ratsawa, domin ƙasar a jiƙe take kusan kullum. Da hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, ka lissafa su cikin tafiyar. Naman halal kuwa kada ka sa rai da shi a ƙananan ƙauyuka, ka yi guzuri daga birni.

Na samu akwatin. Sai me?

Kada ka buɗe shi a bakin ramin. Ka ɗauka ka matsa gefe, ka zauna kamar mai hutawa, ka yi buge-bugen hatiminka. Idan da mutane kusa, ka jira su wuce kafin ka mayar, domin akwatunan da ke ɓacewa da yawa wani ne ya hango ana mayarwa ya zo ya ɗauka don son sani. Ka rufe leda da murfi da kyau, ka mayar da shi daidai inda yake, ka lulluɓe shi yadda ba za a gan shi daga kowane gefe ba. Hatimin na akwatin ne, ba a tafiya da shi. Wani ya zauna ya yi dare yana sassaƙa shi domin baƙon da bai taɓa gani ba, kuma rashin rufe murfi kaɗai ya isa ya lalata littafin da ya tara hannun mutane na shekaru.

Wani lokaci za ka tarar da ƙaramin hatimi na biyu da ɗan littafinsa, an rubuta cewa matafiyi ne. Shi wannan ana so ka ɗauke shi ka kai wani akwatin. Idan ka san ba za ka sake fita nan kusa ba, ka bar shi ga wani.

Ba shi ne wasan da ake yi da GPS ba?

'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba. Wancan, geocaching, ya fara ne a watan Mayun 2000 a jihar Oregon ta Amurka, kuma waya ce ke kai ka wurin, a cikin akwatin kuma akan yi musayar ƙananan kaya. Akwai akwatunan da suka haɗa biyun. Idan garin da za ka ba shi da akwatunan hatimi da yawa, ka nemi irin waɗannan a manhajar Geocaching, suna cike gurbi. A cikinsu ma hatimin ba kayan musaya ba ne.

Za a iya zuwa da yara?

Sosai ma, kuma sun fi manya ido wajen leƙe. Ka zaɓi gajeren zagaye kusa da wurin ajiye mota, kowane yaro da littafinsa. Kada su bi dawakai da tumakin da ke kiwo a filin ko su ba su abinci, dabbobin masu su ne.

Na bi kwatance daidai amma ban gani ba. In tone wurin?

A'a. Ba a haƙa ƙasa, ba a rushe katangar dutse, ba a ɗaga duwatsun kufai. Dartmoor cike yake da kaburbura da da'irorin duwatsu na mutanen da suka zauna can shekaru dubbai da suka wuce, kuma ƙa'idar wasan ta hana ɓoye akwati a cikinsu, saboda haka idan neman ya kai ka ga irin wannan wuri, kuskure ne a lissafinka. Ka koma inda ka tabbatar da kusurwa ta ƙarshe, ka sake aunawa. Idan minti ashirin ko talatin sun wuce, ka tafi na gaba, ka sanar da mai akwatin idan ka koma gida don ya je ya duba.

Zan iya ɓoye nawa a wannan tafiyar?

Ka dakata tukuna. Akwati yana son mai kula da shi, wanda zai zo ya canza littafi idan ya cika ko ya jiƙe, kuma wurin da kake zuwa sau ɗaya a shekara ba za ka iya riƙe wannan amanar ba. Akwai kuma izini: a Dartmoor akwai ƙa'idojin da masu wasan suka amince da su tare da hukumar filin, a Amurka kuma manyan gandayen gwamnatin tarayya ba sa yarda a ajiye akwati sai da izininsu, jihohi ma kowace da dokarta. Idan ka samu akwatuna da dama ka ga yadda gwanaye ke ɓoyewa, sai ka nemi wuri kusa da gidanka, ka tambayi masu filin, ka sa naka a can.